Jera hotuna a Microsoft Word: kayan aiki na nan, amma a ɓoye

Masu buga takardu kan yi ƙorafi cewa hoto a Word ba ya jin magana. Laifin rabi na manhajar ne. Duk hoton da ka saka, Word na ɗaukarsa tamkar harafi a cikin layi, tsarin da ake kira In Line with Text. Muddin yana haka, maɓallan Align, na daidaita hotuna, a dushe suke, kuma ba za ka iya haɗa shi da wani hoton ba. Sai ka danna hoton, ka shiga Wrap Text, ka zaɓi Square ko In Front of Text, sannan ya saku.

Daga nan aikin ya yi daɗi. Riƙe Shift ka danna hotunan ɗaya bayan ɗaya, ka je Align a ƙarƙashin Picture Format. Align Top zai daidaita kawunansu, Distribute Horizontally kuma ya raba tazarar da ke tsakaninsu daidai, amma fa sai sun kai 3. A lura da abin da aka yi wa alama a ƙasan jerin: idan Align to Page ne, hotunan za su bi gefen takarda maimakon su bi junansu. Koren layukan jagora da suka zo tun Word 2013 na taimakawa wajen gano tsakiyar shafi, Ctrl da kibiya kuma na matsar da hoto kaɗan-kaɗan.

Inda Word ya gaza shi ne ƙugiyar da ke ɗaure kowane hoto da sakin layi. Ka ƙara jimla biyu a sama, tambarin makaranta ya tsallaka shafi na gaba. Maganinsa Fix position on page, kodayake idan sakin layin ya koma wani shafi, hoton zai bi shi. Kibiyoyin da ke haɗa akwatuna ma ba sa manne wa siffa sai a cikin Drawing Canvas, wato filin zane na musamman da ake sakawa a takarda, abin da PowerPoint ke yi ba tare da wahala ba.

Ga wasiƙa, bangon firojet ko katin gayyata mai hoto 3 ko 4, Word ya wadatar, musamman in ka yi Group, wato ka haɗe su su zama abu ɗaya, da zarar ka gama jerawa. Fosta mai siffofi barkatai kuwa, a kai ta PowerPoint. Kafin a kai takarda shagon bugawa a mayar da ita PDF, domin wata kwamfutar ba ta da irin salon haruffan (font) da ka yi amfani da su, kuma layi na sauyawa hotuna za su goce.