Gargaɗi Ga Masu PS4 da PS5: Ku Guji Masu Sayar da Gem a Cikin Akawun

Jama'a, assalamu alaikum. Abin da ya samu ƙanena a watan jiya ne ya sa na ga shiru ba zai yi ba, domin na tabbata ba shi kaɗai aka yi wa ba.

Yana da ɗan ƙaramin gidan gem a unguwarmu, na'urorin wasan PlayStation ne a ciki, PS4 biyu da PS5 ɗaya, da shi yake rufa wa kansa asiri. Yara sun dame shi sai ya kawo sabon FC, wato ƙwallon da aka sani da FIFA kafin a sauya masa suna a 2023. Sabon gem irin wannan dala 70 ne, ga yadda canji ya koma. Ana haka ya ci karo da wani a Facebook yana tallar gem ɗin a kuɗin da bai kai rabin na faifai ba. Suka koma WhatsApp, mutumin ya turo hotunan alat na waɗanda wai sun saya, ya rantse masa da Allah cewa gem ɗin nasa ne har abada.

Da kuɗi suka shiga, abin da aka turo masa imel ne da kalmar sirri ta wani akawun na PlayStation. Aka ce ya shiga, ya sauke gem ɗin, ya kunna Console Sharing, wato damar da ke barin sauran akawun da ke kan na'urar su buga gem ɗin, sannan aka ja masa kunne kada ya kuskura ya canza kalmar sirrin. Dare biyu ya yi yana saukewa da datar dare, janareta na shan mai. Gem ya yi aiki lafiya kusan mako uku. Ranar wata Asabar da yamma, shago cike, yara sun riga sun biya kuɗin wasa, ya kunna sai ga hoton ɗan ƙaramin kwaɗo a jikin gem ɗin, alamar an kulle shi. Ya gwada shiga akawun, an canza kalmar sirri. Ya kira mutumin, an toshe lambarsa. Ina tsaye ya riƙa mayar wa yara kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Ga yadda suke yi. Gem ɗin da aka saya ta intanet yana maƙale ne da akawun ɗin da ya biya, ba da na'urarka ba. Sony kuma, kamfanin da ke yin PlayStation, PS5 ɗaya tak ta yarda kowane akawun ya kunna wa wannan damar a lokaci guda. Tunda imel ɗin na hannun mai sayarwa, duk ranar da ya samu sabon ciniki sai ya karɓe ya miƙa wa wani, naka ya kulle. Akawun ɗaya, masu saye barkatai. Wasu ma da katin banki na sata suke sayen gem ɗin, idan mai katin ya kai ƙorafi aka janye kuɗin, Sony ta dakatar da akawun ɗin gaba ɗaya. Ba ka da bakin kai ƙara, domin dokokin kamfanin sun hana sayar da akawun tun farko, ga shi Najeriya ba ta ma cikin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe shi.

Ni a ganina, mai ƙaramin ƙarfi faifai ya fi masa kwanciyar hankali. Ko babu intanet yana hannunka, ka ara wa aboki, ka yi musanye, in ka gaji ka sayar ka cika ka ɗauki wani. Sai dai a nan ma a buɗe ido. Idan na hannu ne, ka juya bayansa ka duba ƙarzuwa, a saka shi a na'ura a gabanka ya tashi kafin ka zaro kuɗi. Mai shirin sayen PS5 kuma ya duba da kyau, domin tun fitowarta a 2020 iri biyu ce, akwai wadda ba ta da wurin saka faifai sam, PS5 Pro ta 2024 ma ba ta zuwa da shi.

Wanda dole sai ta intanet zai saya, ya buɗe akawun da imel ɗinsa da kansa, ya sayi katin saka kuɗi na PlayStation na ƙasar da ya zaɓa wajen buɗe akawun ɗin, domin katin Amurka ba ya shiga akawun na Ingila.

Mutumin nan har yanzu yana talla, ya dai canza suna da hoto. Jiya ma na ga wani yana tambayarsa farashi. Don Allah duk mai ƙane ko ɗa da ke harkar gem ya tura masa wannan.