Ƙaramar kyamarar da na saya wa ƙanwata

Ƙanwata ta matsa tana son koyon ɗaukar hoto, sai na saya mata Kodak PIXPRO FZ45. Tana shiga aljihu tsaf. Megafiksel 16 gare ta (ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto ke nan), gilashinta kuma yana jawo abu kusa har ninki 4 ba tare da hoton ya dushe ba. Abin da ya fi burge ni shi ne batir: AA guda biyu, in sun mutu a canza nan take, ba zaman jiran caji.

Ranar farko ta ɗauki kakarmu tana dariya a bakin taga, har tamojin fuskarta ya fito raɗau. Na daɗe ina kallon hoton nan.

Ƙananan kyamarori duk haske suke so, don haka na ce mata ta fara da rana. Katin ajiya kuwa, wanda ake saka wa kyamarar don adana hotuna, daban ake saye.