Sauya guntayen rubutu da yawa a Python: jerin replace ko ratsawa ɗaya?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ke riƙe da kundin sunayen masu zuwa Umara a wani ofishin jigila a nan Jidda ya jefo tambaya a zaure daren jiya, kuma na ga ta cancanci amsa a tsanake. Ya ce yana da fayil mai layi wajen dubu talatin, wanda hannaye da yawa suka cika, wasu daga Kano, wasu daga Makka, shi ya sa rubutun ya zo a hargitse: lambobin waya wasu da alƙaluman Larabci, wasu da na boko, suna ɗaya an rubuta shi Muhd, Moh'd ko Muh, haruffan Hausa masu lanƙwasa kuma an yi su da ɗigon sama, wato k' da d' da b'. Ya jera replace, wato umarnin da ke sauya guntun rubutu da wani, kusan arba'in a harshen shirye-shiryen kwamfuta na Python, ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya ko ya bar su haka, ko ya koma regex, wato hanyar neman rubutu ta hanyar siffanta tsarinsa, ko kuwa akwai hanyar da ta fi waɗannan sauri.

Ɗan'uwa, amsata a taƙaice ita ce sauri ba shi ne abin da ya kamata ya fara damunka ba. Layi dubu talatin ba komai ba ne ga kwamfutar zamani, kowace hanya ka bi za ta gama kafin shayinka ya huce. Bambancin da ke tsakanin hanyoyin, wanda zai iya ɓata maka kundin ba tare da ka sani ba, shi ne ko ƙa'ida ta biyu tana ganin abin da ƙa'ida ta farko ta rubuta, ko ba ta gani. A kan wannan zan gina kwatancen.

Jerin replace da ka riga ka yi yana da falala guda biyu da ba za a raina ba. Kowa zai karanta ya gane, ko da jiya ya fara koyon Python, sannan binciken da ke cikin replace an rubuta shi ne da harshen C, yana da gudu ƙwarai, har ma idan ƙa'idojin ba su wuce 'yan kaɗan ba sau da yawa yakan rigayi regex gamawa. Tsadarsa kuwa ita ce, rubutu a Python ba ya sauyuwa a inda yake, don haka kowace replace sai ta bi rubutun daga farko har ƙarshe, in ta sami abin da take nema ta ƙera sabon kwafi. Ƙa'ida arba'in na nufin ratsa rubutun sau arba'in. Wannan ba zai ji maka ciwo ba a yau, amma aikin yana ƙaruwa ne daidai da yawan ƙa'idojin.

Babbar matsalar tana wani wuri. Ɗauki ƙa'idoji biyu daga cikin naka: Muhd ya koma Muhammad, Muh ma ya koma Muhammad. Ta farko za ta yi aikinta, ta bar Muhammad a layin. Ta biyu ta zo, ba ta san cewa 'yar'uwarta ce ta rubuta shi ba, sai ta ga haruffa uku na farko, ta sauya su, sakamakon ya zama Muhammadammad. Haka kuma idan ka sa Moh gaba da Moh'd, za ka tarar da Muhammad'd. Babu saƙon kuskure da zai fito, shirin zai gama lami lafiya, sai ranar da aka gwada sunan da na fasfo sannan a gane ɓarnar, alhali kowa a nan ya san irin wahalar da saɓanin harafi ɗaya ke jawowa a takardun biza. Wannan tarko tsoho ne. Shi ya sa masu tsare rubutu don shafin intanet suke fara sauya alamar & kafin su taɓa < da >, domin in suka juya tsarin, alamar & da ke cikin &lt; ita ma za a sake sauya ta. Ana iya kauce wa tarkon ta hanyar jera ƙa'idojin da lura, amma lura da ƙa'ida arba'in, da kowacce ke iya taka sauran, aiki ne da ke rushewa ranar da wani abokin aiki ya ƙara ta arba'in da ɗaya a tsakiya. Akwai ma abin da jerin ba zai iya ba sam, wato musanya abu biyu, wannan ya koma wancan, wancan ya koma wannan, sai dai a aro wata alama ta wucin gadi a ajiye a tsakani.

Hanya ta biyu ita ce a haɗa dukkan abubuwan da ake nema cikin tsarin regex guda, a ratsa rubutun sau ɗaya tak, duk inda aka ci karo da ɗaya daga cikinsu a duba ƙamus, wato teburin da ke haɗa kowane guntu da abin da zai maye shi, a ɗauko madadinsa, a wuce gaba ba waiwaye. Ga siffarta:

jeri = sorted(ƙamus, key=len, reverse=True)
tsari = re.compile(r"(?<!\w)(?:" + "|".join(map(re.escape, jeri)) + r")(?!\w)")
sabo = tsari.sub(lambda m: ƙamus[m.group(0)], rubutu)

Ba kuskure na yi ba da na rubuta ƙamus da ƙ, Python 3 tana karɓar haruffanmu a sunayen ma'ajiya, ko da yake a wurin aiki da Larabawa da Indiyawa gara a bar k don kada a wahalar da madanninsu.

Layuka ukun nan kowanne yana toshe wata ɓaraka. Jerawa daga dogo zuwa gajere wajibi ce, saboda regex na Python ba ya neman mafi tsawo, wanda ya fara dacewa a jerin shi yake ɗauka, don haka dole Moh'd ya gabaci Moh. Shi kuma re.escape yana hana a fassara ɗigo ko alamar tarawa a matsayin umarni. In aka manta da shi, ɗigon da ke cikin Muh. zai dace da kowane harafi, alamar da ke gaban +966 kuwa za ta iya sa tsarin ya ƙi haɗuwa gaba ɗaya. Shingayen nan biyu na gefe, da ke cewa kada harafi ya gabata kada kuma ya biyo, su ne ke hana Muh cizon Muhammad da Muhsin da tun asali an rubuta su daidai. Na fifita su a kan \b, alamar iyakar kalma da aka saba, domin \b ba ya kama guntun da ya ƙare da ɗigo idan tazara ce ta biyo shi. Ga masu aiki da JavaScript a cikinmu, ku kula cewa \w da \b a can haruffan Turanci da alƙaluma kawai suka sani, ƙ da ɗ da haruffan Larabci duk baƙi ne a wurinsu, saɓanin Python 3.

Haruffa masu lanƙwasa su ne inda ratsawa ɗaya ta fi nuna fifikonta, kuma a nan ne nake so ka tsaya sosai. Ƙa'idar mayar da k' zuwa ƙ, d' zuwa ɗ, b' zuwa ɓ tana aiki a tsakiyar kalma, don haka shingayen can ba su shafe ta ba, tsarinta daban za a yi mata. Amma ɗigon sama a fayil irin naka yana da ayyuka uku: lanƙwasa a Hausa, alamar zance, da kuma ainun ko hamza a sunayen Larabci. Idan wani ya rubuta 'Facebook' cikin alamar zance, ƙa'idar za ta ba ka Facebooƙ. Wannan yana da sauƙin magani, sai a shardanta cewa harafi ne zai biyo ɗigon. Amma adireshin wanda ke zaune a Kilo Sab'a, a kan tsohuwar hanyar Makka, zai koma Kilo Saɓa, kuma shardin ba zai cece shi ba tunda wasali ne ya biyo. Da ratsawa ɗaya maganin layi guda ne: ka sa Sab'a a ƙamus, madadinsa Sab'a, wato kansa. Da yake ya fi b' tsawo kuma ya riga shi farawa a cikin kalmar, tsarin zai haɗiye shi ɗungurungum ya ajiye shi yadda yake, ƙa'idar b' ba za ta taɓa ganinsa ba. A jerin replace babu wannan garkuwa, domin ƙa'idar b' za ta zo daga baya ta same shi a fili. Game da 'y kuwa, shawarata ka bar shi, tunda haka daidaitaccen rubutun Najeriya yake yinsa, ƴ na rubutun Nijar ne, sai dai in fasinjojinka daga can suke kuma haka suke so.

Aibin regex ɗin shi ne, injin Python yana gwada zaɓuɓɓukan ne ɗaya bayan ɗaya a inda ya tsaya, saboda haka ratsawa ɗaya ba ta nufin aikin bai ƙaru da yawan ƙa'idoji ba. Da arba'in ko ɗari biyu ba za ka ji komai ba, da dubbai kuwa nauyi zai bayyana. Sannan karanta shi ya fi wuya ga sabon hannu, a sa masa layin bayani a sama. A kuma haɗa tsarin sau ɗaya a wajen zagayen layukan, ba a cikinsa ba.

Alƙaluman Larabci ba sa bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun. Duk inda abin da ake nema harafi ɗaya ne tilo, hanya ta uku, wato translate, ita aka yi dominsa: str.maketrans("٠١٢٣٤٥٦٧٨٩", "0123456789", "ـ") zai ba ka tebur da ke mayar da alƙaluman goma, ya kuma share taɗwil, wato zaren nan da ake ja don tsawaita kalmar Larabci. Ita ma sau ɗaya take ratsa rubutu, ba ta ganin abin da ta rubuta. Iyakarta ita ce ba ta san guntu mai harafi biyu ba, don haka k' ya fi ƙarfinta, ko da yake madadin da take sawa yana iya zama doguwar kalma. Abu ɗaya da ke kama mutane a ƙasar nan shi ne alƙaluman iri biyu ne a Yunikod: na Larabci daga U+0660 zuwa U+0669, da na Farisa da Urdu daga U+06F0 zuwa U+06F9, wasunsu ido ba ya bambance su, don haka idan abokin aikinka ɗan Pakistan ne ya shigar da wasu layukan, ka sa jerin biyu a teburin. A wannan teburin ne kuma ya kamata ka haɗe ɗigon sama iri-iri su koma ɗaya, domin Word da wayoyi sukan mayar da miƙaƙƙen ɗigo ya zama lanƙwasasshe, U+2019, wanda ƙa'idar k' ba za ta gane ba. Wato translate ce za ta fara, regex ya biyo. Lambar ƙasa kuwa, 00966 ko +966, kada ka sauya ta a ko'ina aka gan ta, ka ɗaure ta da farkon gurbin lambar waya, domin 966 na iya faɗowa a tsakiyar lambar iƙama, wato katin izinin zama, mai alƙaluma goma.

Saura hanya ta huɗu, Aho-Corasick, wadda wani ya ambata a ƙarƙashin tambayarka. Alfred Aho da Margaret Corasick ne suka wallafa ta a 1975 suna Bell Labs, kuma a kanta aka gina fgrep na farko, wani shirin binciken rubutu. Tana dunƙule dukkan kalmomin da ake nema su zama bishiya guda, ta yadda kowane harafin rubutu taki ɗaya ne a kan bishiyar, ko kalmomin goma ne ko dubu hamsin. A Python ana samunta a laburaren pyahocorasick, sai dai shi wuraren da aka dace kawai yake nuna maka, kai za ka ɗinke sabon rubutun. Ga ƙa'ida arba'in wannan ɗaukar gatari ne don yanke farce. Ranar da ofishinku ya ce a daidaita sunayen garuruwa da unguwanni dubbai a cikin miliyoyin layuka, to lokacinta ya yi.

Wannan rabuwa ba ta Python kaɗai ba ce. A PHP, str_replace da aka ba jeri yana bin su ne ɗaya bayan ɗaya, da tarkonsa duka, strtr kuwa yana fara gwada mafi tsawo kuma ba ya komawa kan abin da ya sauya. A Go, strings.NewReplacer ratsawa ɗaya yake yi, amma yana fifita wanda aka fara ba shi, don haka jerawar tana wuyanka.

Kafin ka sauke jerin naka, ka gudanar da tsohuwar hanya da sabuwa a kan kwafin fayil ɗin, ka fitar da layukan da sakamakonsu ya saɓa kaɗai, ka karanta su da idonka. A cikinsu za ka ga sunayen da jerin ya daɗe yana ɓatawa, za ka kuma ga irin su Sab'a da ya kamata su shiga ƙamus a matsayin kansu. In har yanzu kana son sanin wacce ta fi gudu a kan bayananka, timeit, ma'aunin lokacin gudu, na nan cikin Python, ka auna da ainihin fayil ɗin, domin translate tana da gajeriyar hanya ga rubutun da duk haruffansa na Turanci ne, wadda ba ta samu a layukan Larabci.