Digiri na Biyu a Kimiyyar Siyasa ta Intanet: Wanne Ya Dace da Mazaunin Legas?

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci a Agege, ƙanen wani abokina ya ja ni gefe ya miƙo mini wayarsa. Talla ce ta faɗo masa a Facebook: digiri na biyu a kimiyyar siyasa cikin wata tara, babu zuwa aji, babu zaman jarrabawa, kuɗi kuma a biya kashi-kashi. Yaron ya yi digirinsa na farko a Arewa, ya gama bautar ƙasa, yanzu shi ke riƙe da lissafin wani kamfanin motocin dakon kaya a Apapa.

"Yaya, duba mini. In biya?"

Na ce masa, "Kafin ka biya, gaya mini, takardar nan in ta fito gaban wa za ka ajiye ta?"

Ya yi shiru. Wannan tambaya ita ce kan maganar, domin digiri na biyu iri biyu ne, kuma da yawa cikinmu ba mu san haka ba sai bayan kuɗi sun tafi. Akwai na bincike, wanda ake rubutawa M.Sc., mai buƙatar kundi na gaske da kare shi a gaban malamai. Shi ne tsanin zuwa digirin dakta da aikin koyarwa a jami'a. Akwai kuma na ƙwarewar aiki, irin su MPA na sha'anin mulki da MIAD na hulɗar ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, waɗanda aka tsara don ma'aikaci mai neman ƙarin girma ko ƙarin sanin aikinsa. Na san wani bawan Allah da ya kammala irin na biyun da sakamako mai kyau, ya ɗauki takardunsa ya nufi wata jami'a neman gurbin dakta, aka ce ya koma ya yi M.Sc. tukuna. Shekara biyu da kuɗin da ya tara da gumi suka zame masa kamar bai fara ba. Takardarsa ba ta da aibi, ƙofar da ya nufa ce ba da makullinta ya zo ba. Yawancin abin da ake tallatawa ta intanet na ƙwarewar aiki ne, don haka ka dubi harufan da ke gaban sunan kwas ɗin da idon basira.

Mu fara da ta gida, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, wanda shi kansa daga baya ya zauna ya yi digirin dakta a cikinta. Kafin hedikwatarta ta koma Jabi a Abuja, a nan Legas take, kan titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kuma har yau akwai cibiyar karatu a wurin, ga wasu a Apapa da Mushin. Tana da sashen kimiyyar siyasa, tana ba da digiri na biyu a nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, tana kuma ba da MPA. Jerin kwasa-kwasan da ake ɗauka yakan sauya, saboda haka ka buɗe shafinta ka ga na bana da idonka. Tsarinta mai sauƙin ganewa ne: littattafan kwas suna nan a shafinta kyauta, kana yin aikin gida na TMA a kwamfuta wanda ke ɗauke da maki 30, jarrabawa kuma maki 70, kuma ita dole ka je cibiya da ƙafarka.

A lissafin aljihu ita ce mai rangwame, kuma ana biya ne gwargwadon kwasa-kwasan da ka yi rajista a zangon, abin da ke yi wa ɗan kasuwa daɗi tunda kuɗinsa ba ranar ɗaya suke shigowa ba. Tsadarta a wani waje take. Babu mai bin ka, babu mai kiran suna a aji. In ka yi wata guda ba ka buɗe littafi ba, ba wanda zai sani sai ranar jarrabawa. Wanda ya saba sai an tsaya a kansa, nan zai sha wuya.

Sai Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Mutanenmu na Legas sukan fi karkata can, kuma na fahimci dalili: jami'a ce da aka kafa tun 1962, sunanta na da nauyi daga Sakkwato har Maiduguri, kuma wanda ke da niyyar komawa gida neman aiki ko shiga siyasa yana son takardar da ba sai ya yi mata bayani ba. Daga nesa suna ba da MIAD da MPA da digiri na biyu a sha'anin zaman lafiya da rikici. Karatun ya fi tsari, akwai dandalin tattaunawa, akwai malaman da ke bibiya, akwai wa'adin miƙa aiki da ba ya jiran kowa. Kuɗinta ya fi na NOUN. Jarrabawa ita ma a zaure ake yin ta, a cibiyoyin da suka ware, don haka ka tambayi inda za ka zauna kafin ka biya, ka saka kuɗin mota da na kwana a lissafi idan da tafiya. Kuma kar ka manta abin da na faɗa a sama, waɗannan na ƙwarewar aiki ne. Ga jami'in kwastan, ɗan jarida, ma'aikacin ƙungiyar agaji ko mataimakin ɗan majalisa, sun dace ƙwarai. Ga mai mafarkin tsayawa gaban allo a jami'a, hanyar ba nan take ba.

Akwai kuma sababbin buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta ba lasisi a 2023, irin su Miva, wadda ke ba da MPA. Manhajarsu na tafiya sumul a waya, darussan bidiyo ne gajeru. Sababbi ne, takardarsu ba ta daɗe a kasuwa ba, kuma sha'anin mulki suke koyarwa, ba kimiyyar siyasa zalla ba.

Yanzu na waje, inda idon matasa ya fi zuwa. A Ingila, Jami'ar Landan ta fara ba da digiri ga ɗaliban da ba sa zaune a harabarta tun 1858, wato karatu daga nesa a can ba baƙon abu ba ne. Makarantar SOAS tana da digiri na biyu a diflomasiyya ta intanet, Jami'ar Lesta tana da na hulɗar ƙasa da ƙasa. A Amurka ma akwai jami'o'in jihohi da ke ba da kimiyyar siyasa zalla ta intanet. Abin da kake saye a nan, in za a faɗi gaskiya, ɗakin karatu ne da kulawar malami. Lambar sirri ɗaya za ta buɗe maka dubban mujallun bincike waɗanda ɗalibinmu na gida ke roƙo a WhatsApp, kuma in ka miƙa rubutu za a dawo maka da shi an bi shi layi-layi. Wannan abu ne mai daraja, ba na raina shi.

Amma a zauna a yi lissafi. Irin waɗannan kwasa-kwasai na Ingila yawanci sun haura fam 10,000. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati; da aka saki naira ta nemi farashinta, farkon 2024 ta wuce 1,500, fam kuma ya yi ta yawo a kusa da 2,000. Ka ga a wancan farashin ana maganar naira miliyan 20 ko fiye. Kuma wanda ya fara biya kashi-kashi da naira a hannu, bashinsa na ƙaruwa duk ranar da canji ya motsa, ko da jami'ar ba ta ƙara ko kwabo ba. Mai wannan niyya ya nemi tallafin karatu daga nesa na ƙungiyar Kwamanwel, wanda ake ba 'yan ƙasashe irin namu a wasu zaɓaɓɓun kwasa-kwasai. Sai batun lokaci: agogon Landan da na Legas ɗaya ne rabin shekara, sauran rabin awa ɗaya ce tsakani, amma gabashin Amurka yana bayanmu da awa biyar ko shida. Darasin ƙarfe bakwai na yamma a can, a Agege sha biyun dare ne ko ɗaya, ga asuba na jira, ga motar Apapa. Idan an matsa sai na waje, akwai jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu, wadda kuɗinta ya fi sauƙi, digirinta na biyu kuma ya fi karkata ga bincike.

Inda nake son a buɗe kunne shi ne batun amincewa. Kwatano na nan kusa da mu, ta Badagry da Seme, kuma kowa ya ga abin da ya faru: ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya samo digiri a can cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Jamhuriyar Benin da Togo, aka haɗa masu gaskiya da marasa ita a kwando ɗaya. Tallar da ta ce maka wata tara babu jarrabawa, daga wannan dangin take ko da ta rataya tutar Turai. Araha ba ta ado. Jami'ar gida, ka duba sunanta a jerin NUC, ka kuma duba an amince mata ta yi karatu daga nesa, domin lasisin jami'a daban, izinin cibiyar nesa daban. Ta waje kuma, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance takardu. Ka tambaye su, ka kuma tambayi wurin aikinka a rubuce ko za su karɓi digirin da aka yi kacokan ta intanet. Amsar baki ba ta shiga fayil.

Wani abu da zan faɗa ko da ya saɓa wa taken rubutun: mazaunin Legas ba dole ne ya yi ta intanet ba. Jami'ar Legas na Akoka, tana da M.Sc. a kimiyyar siyasa da kuma digirin ƙwarewa na ma'aikata. Jami'ar Jihar Legas na Ojo, taku kaɗan daga Alaba Rago. Tun da jirgin ƙasa na jan layi ya fara aiki a 2024, mutumin Agege na iya sauka Yaba ba tare da ya kwana a cunkoson Oshodi ba. Wanda ke son M.Sc. na bincike, kuma aikinsa zai bar shi, ni wannan zan zaɓar masa, domin siyasa ilimi ne da ke nuna a gardama, kuma malamin da kake iya tarewa a bakin ofis ya fi wanda kake jiran amsar saƙonsa. Amma matar aure mai yara uku a Idi-Araba, ko mai rumfa a Mile 12 da ke tsaye tun motocin tumatir na saukewa da asuba, su karatun nesa ne ya buɗe musu ƙofar da da a rufe take.

Duk wanda ka zaɓa, kayan aikin ɗaya ne. Waya za ta kai ka wani wuri, amma kundi ba ya rubutuwa da babban yatsa, sai da kwamfutar cinya. Sai data, sai wuta ko abin ajiye caji, sai awa goma zuwa goma sha biyar a mako da ka yanke daga hira da barci. Kuma ka shirya wa darasin dabarun bincike da ƙididdiga. A nan ne da yawa ke faɗuwa, don sun zo da zaton kimiyyar siyasa ita ce hirar majalisar mai shayi.

Batun kundi kuwa, Bahaushen Legas yana zaune kan dukiya bai sani ba. Ga rikicin ƙananan hukumomi 37 da gwamnatin Tinubu ta ƙirƙiro a 2003, lokacin yana gwamnan Legas, kan 20 da tsarin mulki ya sani, har Obasanjo ya riƙe kuɗin jihar aka je Kotun Ƙoli. Ga haramcin acaba na Yunin 2022 da yadda ya taɓa 'yan Arewa. Ga matsayin sarakunan Hausawa tsakanin jama'arsu da gwamnatin jiha, ga yadda ƙungiyoyin kasuwa ke juya ƙuri'a. Baƙon mai bincike sai ya nemi tafinta, kai kuwa tabarma ɗaya kuke zama da masu labarin. Ɗakin karatu na Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa, NIIA, yana titin Kofo Abayomi ga mai son ɓangaren diflomasiyya. Kafin ka yi rajista, ka nemi ɗalibai biyu ko uku da suka gama a makarantar, ka tambaye su abu ɗaya: wata nawa malamin da ya duba kundinsu yake ɗauka kafin ya dawo da babi?

Takardun shiga kusan iri ɗaya ne ko'ina a gida: kiredit biyar har da Turanci, digiri na farko mai daraja ta biyu ko da ta ƙasa ce, da shaidar bautar ƙasa ko ta yafewa. Mai babbar difloma ko digiri mai daraja ta uku yakan fara ne da diflomar gaba da digiri.

Ƙanen abokin nawa, da muka zauna a shagon yayansa bayan la'asar, ya ce shi koyarwa yake so, ya gaji da ƙirga tireloli. Na ce to ya goge tallar nan, ya manta da MIAD da MPA, ya nemi M.Sc., ya auna Akoka da NOUN da lokutan aikinsa. Na ƙara masa da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, tun yanzu ya aika tsohuwar jami'arsa a fara shirya cikakken sakamakonsa da za a tura, don shi ne ya fi ɗaukar lokaci.

"Yaya, ai ina da kwafi a jaka."

"Ba shi suke so ba. Wanda jami'a ke aika wa jami'a kai tsaye ake nufi."

Ranar Litinin ya kira wani abokin karatunsa da ke can Arewa, ya tura masa lambar rajistarsa da kuɗin mota.