Eyes on Exoplanets: kyauta ne, amma ka tanadi data

Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, kuma babu abin da ke ba ni wahala kamar sa yara su gane nisa da kusanci a sararin samaniya. Shi ya sa shafin Eyes on Exoplanets na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya kwanta mini a rai: yana nuna duniyoyin da ke zagaye wasu taurari, ba ranarmu ba. Ba ka biyan ko sisi, ba sai ka sauke manhaja ba, a intanet yake buɗewa kai tsaye.

Ka rubuta TRAPPIST-1 a wurin nema. Wani ɗan jan tauraro ne, nauyinsa bai kai kashi 10 cikin 100 na ranarmu ba, haskensa kuma sai ya yi tafiyar kusan shekara 40 kafin ya iso mu. Duniyoyi 7 ke zagaye shi, a 2017 aka sanar da cikon su. Da ka kwatanta su da namu tsarin a shafin, sai ka ga dukkansu sun cunkushe a filin da bai kai tsakanin rana da Makyuri, duniyar da ta fi kusa da ita, ba. Wadda ta fi kusa da tauraron, TRAPPIST-1b, kwana ɗaya da rabi ne shekararta.

Wannan kusancin ne ya sa masana ke ganin ƙarfin janyowar tauraron ya riƙe su, fuska guda suke nuna masa har abada, yadda wata yake yi mana. Gefe ɗaya rana tsaye cak, ɗayan dare ba wayewa, kamar tsiren da mai shi ya manta bai juya ba. Tsakani kuwa wani siririn zobe ne na almuru da ba ya ƙarewa. Wata ɗalibata ta ce, "Malam, to yaushe za su sha ruwa da azumi?" Aji ya ɗauki dariya, amma a nan na tabbata ta gane.

Sai dai a kula, hotunan duniyoyin zane ne na hasashe, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu. Abin da aka auna shi ne irin na 2023, da madubin hangen nesa na James Webb da ke sararin samaniya ya nuna gefen ranar TRAPPIST-1b ya kai zafin kusan digiri 230 a ma'aunin Celsius, alamar da wuya in tana da iska mai kauri. Bayanin kuma da Turanci yake, dole malami ya tsaya kusa.

Tsohuwar wayata ta yi ta sarƙewa har ta ɗau zafi. In da hali a buɗe shi a kwamfuta, inda sabis yake da ƙarfi.