Allurar baya ta naƙuda da anka yi min a Gusau, ta yi aiki amma na ji jiki bayanta

Tun bayan suna mata ke ta tambayata wai ya allurar take, to bari in faɗa gaba ɗaya kowa ta ji. Epidural nake nufi, wagga da ake sa wa mace a gadon baya don ta kashe zafin naƙuda. Aiki dai tana yi, wallahi tana yi, duk wadda ta ce maku kuɗin banza ne ba ta gwada ba. Haihuwata ta baya na sha wuya ƙwarai, shi ya sa tun ina awo na ce wa Baban Ummi wannan karon a nemo min ita ko nawa ce. Hajiyarsu ba ta so ba, ta ce su da sunka haihu a ɗaka ko tari ba a ji ba mi ya same su, kuma wai allurar na bar wa mace ciwon baya har tsufa. Na ce Hajiya ki yi haƙuri ki sa mana albarka kawai.

Asibitin kuɗi ne, kun dai san yadda suke caji, kuma sai an biya kafin a kira likitan sa barci, don ba a nan yake zama ba. Munka biya, anka ce yana tiyata a wani asibiti, na yi ta murƙususu ina jira har na fara cewa a maido mana kuɗinmu. Da ya iso kam ban ga laifinsa ba, mutum ne mai natsuwa. Anka sa min ƙarin ruwa, anka zaunar da ni bakin gado na rungume filo na lanƙwasa baya, ya ce ko ciwo ya taso kar in motsa, in dai gaya masa. Ya fara da ƙaramar allurar kashe fata, sannan babbar, sannan ya zura wani siririn roba ya manne shi da filasta har kafaɗa, ta nan ake ƙara magani. Cikin minti 15 zuwa 20 ciwon ya kwanta. Ina ganin cikina na tamkewa amma zafin babu, har barci na yi, ni da ke naƙuda! Jinina ya ɗan sauka sunka ƙara gudun ruwa, ƙafafu sun yi nauyi, an sa min robar fitsari, ga ƙaiƙayi a fuska, duk wannan ban damu ba. Lokacin nishi ina jin nauyin kan ɗiyar, ungozoma na cewa yi, ina yi, Allah ya sauke ni lafiya. A daren nan da an ce in ba su maki, ɗari bisa ɗari zan ba su.

Washegari ne labari ya canza. Na tashi zaune zan ba da nono sai kaina ya sara tun daga goshi har ƙeya, wuya ya ƙage, kunnuwa na ƙugi, hasken taga ma ba na son gani. Ina kwantawa flat sai ya lafa, ina ɗagowa ya dawo kamar ana buga min taɓarya a tsakiyar kai. Na gaya wa nas ɗin da ke aiki, ta ce Maman Ummi rashin barci ne, ta ba ni farasitamol, anka sallame mu a haka. Ko tambayata ba ta yi ba wai in na kwanta yana sauƙi, alhali fayil ɗina na hannunta, ta san abin da anka yi min a baya.

A gida kuma ga wankan jego, Inna na son in zauna ta yi min da ganye, ni ko zaman minti biyar ya gagare ni. Kunun kanwa a kwance nake sha da cokali. Masu barka na shigowa ana ta ƙus-ƙus, ai dama an faɗa, ai ga irinta nan, wasu na cewa iska ce a nemo hayaƙi. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ciwon kai bayan haihuwa na iya zama hawan jini mai kawo jijjiga, mu nan mun san matan da anka rasa ta haka, sai da wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar lafiya ta gwada jinina ta ce lafiya lau yake, ita ce ma ta ce a koma a nemi likitan da ya yi allurar shi da kansa, kar a tsaya wurin kowa.

Shi ne ya yi min bayanin da ya kamata in ji tun ina awo. Ya ce akwai wata fata da ta lulluɓe ruwan da ke zagaye da laka da ƙwaƙwalwa, wani lokaci allurar na ɗan huda ta sai ruwan ya riƙa zurara, shi ya sa in an miƙe kai ke sarawa, in an kwanta ya lafa. Ya ce kamar mace 1 cikin 100 abin ke samu. To ni ce ɗayar, na yarda ƙaddara ce, amma don Allah mi ya hana a gaya min? Takardar da anka ba ni in sa hannu da Turanci take, kuma anka miƙo min ita ina tsakiyar naƙuda ko gani ba na yi sosai. Maganin da ya yi min shi ne ya ɗebi jinina a hannu ya sa shi a bayan inda ramin yake don ya toshe, na kwanta flat na ɗan lokaci, kafin dare na zauna na ci tuwo da hannuna. Na yi kuka don daɗi. Sai ga bil, wai wannan ma aiki ne daban sai an biya. Baban Ummi ya yi magana, sunka ce haka tsarinsu yake.

Masu cewa ai an yi masu ita lokacin CS, wato haihuwa ta tiyata, galibi waccan daban ce, sau ɗaya ake yi ba a barin roba. Zancen ciwon baya kuma, wurin allurar ya yi min tsami kwana kaɗan ya wuce, bayana ƙalau yake har yanzu, Hajiya ma ta daina tambaya.

In Allah ya ƙara ba ni ciki ina ganin zan sake yi, don barcin nan da na yi a naƙuda ba zan manta da shi ba. Amma ba a asibitin nan ba, kuma sai na zauna da likitan sa barcin tun wata bakwai na ji ko yana kwana a asibitin, na ji wa zan kira in kai ya sara, kuma a rubuta min ko gyaran na cikin kuɗin farko. Kuɗin gyaran nan har yau ban yafe masu ba.