Na sayi sabuwar mota ta intanet daga Katsina: daɗinta da wahalarta

Motar da nake hawa yanzu a shafin intanet na wani kamfani na saye ta, sabuwa fil a leda, aka ɗoro ta a tirela daga Legas. Duk motocin da na mallaka kafin ita Beljiyom ne, kuma ta hannun dillali suka zo, don haka ina da abin gwadawa.

Mu a nan mun saba da motar da ta biyo ta Kwatano, ta ratsa Maraɗi, ta shigo ta Jibiya. Tun daga farkon Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, ta ce sai ta tashar jiragen ruwa. Daga nan takardun kwastan suka zama abin da ke hana mai saye barci, domin mota mai kyau za ka gani, amma ba ka da tabbacin an biya mata haraji cikakke sai ranar da aka tare ka a hanya. Sai kuma 2023 ta zo aka saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Beljiyom mai 'yan shekaru kaɗan ta yi tsadar da na ga gara in ƙara kuɗi in ɗauki wadda ba a taɓa hawa ba.

Abin da ya fi burge ni a shafin shi ne farashi a rubuce. Wanda ya taɓa neman mota a garin nan ya san mota ɗaya kan yi farashi uku a bakin dillalai uku, kowa ya ɗora nasa, bayan an sallama kuma ga la'ada. A shafin, kuɗin da aka gaya mini shi ake gaya wa mutumin Fatakwal. Sai dai babu tayi, babu albarka. Na yi ƙoƙarin neman ragi, mai amsa wayar ta ce mini cikin ladabi farashin kenan, kuma takardar farashin da suka turo tana da wa'adi, idan ya wuce dala ta motsa sai a sake lissafi.

Wajen biya ne gabana ya faɗi. Tura miliyoyi ga mutanen da ban san fuskarsu ba ba ƙaramin abu ba ne. Na duba sunan kamfanin a shafin hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista, na tabbatar asusun bankin da sunan kamfani yake, ba na wani mutum ba. Na nemi lambar shasi, wadda haruffa da lambobinta 17 ne, na tura ƙanena da ke zaune a Legas ya je ya ga motar da idonsa, ya gwada lambar jikinta da ta takarda, sannan na ba da kafin alƙalami. Wanda ba shi da kowa a can ya hau mota ya je da kansa, kuɗin tafiyar ba zai kai asarar ba. Tallan da ke yawo a Facebook da WhatsApp na "gwanjon kwastan" a rabin kuɗi kuwa, hukumar kwastan da kanta ta sha gargaɗin jama'a a kansa.

Ranar da suka ce motar za ta iso ta wuce ba ta iso ba. Kullum na kira wani ne daban zai ɗauka, in sake bayani daga farko. Da ta zo, bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000, akwai ƙarzuwa a ƙofar baya. Kamfani ya ce masu tirela ne, masu tirela suka ce haka aka ba su. Sai da na tura hotunan da ƙanena ya ɗauka a Legas kafin suka yarda suka biya kuɗin fenti. A nan ne na ga amfanin dillalin gida. Shi ka san gidansu, ka san yayansa, kuna haɗuwa a masallaci da wajen ɗaurin aure. Irin wannan magana da an kashe ta kafin magariba, ko don kunyar idon jama'a.

Motar kanta ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Injin shiru, sanyin ciki yana jure zafin Afrilu, man da take sha bai kai na tsohuwar ba, kuma wannan ba wasa ba ne tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Takardunta tsaf, na yi rajista na karɓi lamba ba tare da an ce in dawo gobe ba. Na huta da zullumin ko an juya mata mita, ko motar hatsari ce da aka sayo a gwanjon Amurka aka daddaɓe aka fesa fenti.

Garanti ne inda ya kamata ɗan Katsina ya tsaya ya yi tunani sosai, domin shafin ya rubuta shi da manyan haruffa, sharaɗinsa kuma da ƙanana. Sharaɗin shi ne ba wanda zai taɓa motar sai garejin da kamfani ya amince da shi, ko da juyen mai ne. Nawa kamfanin ba shi da irin wannan gareji a Katsina, sai Kano. Wato duk sabis sai na yi sammako na bi ta Charanchi da Kankiya da Bichi, kusan kilomita 170, in wuni a can, in dawo da dare, ga kuɗin mai zuwa da dawowa. Bakanikena da muka daɗe tare, wanda da kunne yake gane ciwon Corolla da Civic da Golf da 406, ya buɗe gaban wannan ya rufe, ya ce mini, "Alhaji, wannan sai da kwamfuta." Gaskiya ya faɗa, kuma da ya taɓa ta garanti ya tashi. Wani ɗan acaɓa ya fasa mini fitilar gefe, na zaga masu kayan gyara a garin nan ban samu ba, sai daga Legas aka aiko. Da fitilar Corolla ce da a ranar an ɗaura.

Kamfanin kuma ya yi mini tayin biya kaɗan-kaɗan, amma da kuɗin ruwa a ciki, na ce a'a. Mai son bashi marar ruwa ya fara magana da bankin Musulunci irin Jaiz, wanda ke aiki tun 2012, inda ake yin murabaha: banki ya sayi motar ya sayar maka da ribar da kuka yi ittifaƙi a kanta tun farko. Musaya ma babu a shafin da na yi hulɗa da shi. Tsohuwar motata dillali na kai wa, shi ya samo mai saye, ya karɓi la'adarsa, kuma ya ci halaliyarsa.

Ga ma'aikata ko kamfani mai direba, wanda zuwa Kano ba ya dame shi, kuma zai riƙe motar shekaru da yawa, zan ce ya saya ta intanet hankali kwance idan ya yi binciken da na faɗa. Mutumin Daura da ke bin Kazaure zuwa Kano kowane mako shi ma ba zai ji nauyin sabis ɗin ba. Wanda kuwa mota ɗaya ce gare shi, ita ce kai yara makaranta ita ce kai mara lafiya asibiti, kuma ita ce ajiyarsa idan buƙata ta taso, ya tambayi dillali tukuna nawa irin motar ke yi a kasuwar hannu. Ni na tambayi nawa dillalin. Ya zaga ta, ya yaba, sannan ya ce masu zuwa wurinsa Toyota da Honda suke tambaya, irin tawa kuwa takan daɗe a ajiye kafin a taya.